Giyar keken titi: me ke zama da me? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya shiga harkar keken titi, irin mai lanƙwasasshen kan nan da siraran tayoyi, ba ya daɗewa sai zuciyarsa ta raya masa ya taɓa giyar. Ko dai tudu ya fara gallabarsa, ko wani ƙarfe ya cinye, ko kuma ya ga kayan da suka fi nasa kyau. A nan ake yawan yin asara: a sayo abu mai inganci, a ɗaura, ya ƙi zama da sauran. Abin ba aljanu ba ne, lissafi ne na 'yan milimitoci, kuma kowa na iya gane shi. Ga tambayoyin da suka fi tasowa.

Waɗanne kaya ake nufi in an ce kayan giya?

A gaba akwai kiranki, wato hannuwan da feda ke jiki, tare da faranti ɗaya ko biyu masu haƙora. A baya akwai kaset, jerin faya-fayai masu haƙora daga ƙarami zuwa babba. Sarƙa ce ke haɗa su. Direla ta baya ita ke tura sarƙa daga faifai zuwa faifai, direla ta gaba kuma tsakanin farantai. Shifta ita ce abin dannawa a kan keke, wadda a keken titi na zamani take haɗe da hannun birki. Sai mazaunin kaset a jikin hob, wato cibiyar tayar baya, da mazaunin kiranki a gindin firam, inda boris yake. In ka ji an ce keke "mai 11" ne, faya-fayan kaset ake nufi.

Kamfanoni uku suka mamaye fagen: Shimano na Japan, SRAM na Amurka, da Campagnolo na Italiya.

Ta yaya zan san giyar da ta dace da ni?

Da wannan ya kamata a fara, amma yawanci ita ake bari ƙarshe. Raba haƙoran faranti da haƙoran faifai, abin da ya fito shi ne adadin juyin taya a kowane zagayen feda guda. Faranti 50 da faifai 11 sun ba da 4.55. Kewayen tayar 700 mai faɗin milimita 25 kimanin mita 2.1 ne, ke nan kowane zagayen feda zai kai ka mita 9 da rabi. In kana juya feda sau 90 a minti, gudunka ya haura kilomita 51 a awa. Faranti 53 da faifai 11 zai ƙara maka kimanin kilomita 3 kacal a kan haka. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: sau nawa kake taka feda a irin wannan gudun?

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren, inda wahalar take. A ce kana hawan tudu mai tsauri da gudun kilomita 8 a awa. In mafi sauƙin giyarka faranti 39 ne da faifai 25, ƙafarka za ta riƙa zagayawa sau 41 a minti, wato niƙa kawai kake yi da gwiwa. In kuwa 34 da 32 ne, sau 60 za ka juya a gudu iri ɗaya. Mai keke ɗaya, tudu ɗaya, amma na farko zai kai sama a galabaice, na biyu da sauran numfashi.

Shi ya sa nake cewa a zaɓi giya daga ƙasa. Nemi tudu mafi wuya da kake hawa, ka tuna yadda kake ji a kansa a ƙarshen doguwar tafiya, lokacin da ƙafa ta yi nauyi, sannan ka zaɓi giyar da za ta fitar da kai a wannan halin. Giyar gudu kusan kullum tana isa. Ta hawa ce ke gazawa.

53/39, 52/36 ko 50/34?

Lambobin nan haƙoran babban faranti ne da na ƙarami. 53/39 shi ne tsohon ma'auni na 'yan tsere. 50/34 shi ake kira kwamfak, kuma shi ya fi dacewa da mafi yawan mahaya. 52/36 yana tsakiya, ya yi wa mai ƙarfi da ke tafiya cikin ayari da sauri. Akwai ƙanana irin 48/31 da 46/30 ga mai ɗaukar kaya ko mai bin tsaunuka.

Kada lambobin SRAM na mai 12 su ruɗe ka. Farantansu 50/37, 48/35 da 46/33 ne, saboda kaset ɗinsu yana farawa daga haƙora 10. Faranti 48 da faifai 10 ya ba da 4.8, kusan daidai da 53 da 11. Ɗan Juma ne da Ɗan Jummai.

Game da kaset kuma, kowane faɗi yana da abin da yake ci maka. Kaset 11-28 na Shimano mai 11 yana tafiya 11, 12, 13, 14, 15, 17, har zuwa 28. Na 11-34 kuwa yana tsallake bibbiyu: 11, 13, 15, 17. Ka samu sauƙin hawa, ka rasa 12 da 14. Ɗan tsere zai ji wannan giɓin. Ni dai a ganina wanda ba gasa yake ba gara ya ɗauki sauƙin hawan.

In adadin faya-fayai ya zo ɗaya, ba shi ke nan ba?

A'a, kuma wannan ce amsa mafi muhimmanci a duk shafin nan.

Tun da Shimano ya fito da giya mai ƙas-ƙas a 1984, aikin ya koma haka: duk dannawa ɗaya, shifta tana jan waya da wani tsayi ƙayyadadde. Direla kuma tana ninka wannan jan da nata ma'auni, ta gusa gefe. Tazarar da ta gusa dole ta yi daidai da tazarar da ke tsakanin faifai da faifai. Abu uku ke nan da sai sun yi baki ɗaya: jan shifta, ninkin direla, da tazarar kaset.

Ga misali da kayan titi na Shimano. Tsohuwar shifta mai 10 tana jan kimanin milimita 2.3, direlarta tana ninkawa da kimanin 1.7, sai a samu kusan 3.95, tazarar kaset mai 10. Shifta mai 11 tana jan kimanin 2.7, direlarta tana ninkawa da kimanin 1.4, sai a samu wajen 3.74. To ka ɗauki tsohuwar direlar nan mai ninkin 1.7 ka haɗa da shifta mai 11. Kowace dannawa za ta gusa milimita 4.6 maimakon 3.74. Kafin dannawa huɗu ko biyar kuskuren ya kai faifai guda. Ko ka kwana kana murɗa notin gyara, giya biyu ko uku ne za su zauna, sauran su riƙa kuka.

Abin lura shi ne direla ba ta ƙirga. Ba ta san ko faifai 8 ne ko 10 ba. Shifta ce ke ƙirga, direla ninki kawai ta sani. Saboda haka shifta da kaset dole adadinsu ya zo ɗaya, shifta da direla kuma dole su fito daga dangin ninki ɗaya. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin karatun.

Dangin ninkin 1.7 na Shimano babba ne: kusan duk direlolin titi daga mai 6 zuwa tsohon mai 10, har da Claris mai 8 da Sora mai 9 (sunayen ajin kayan Shimano ne, kamar Tiagra, 105, Ultegra da Dura-Ace), da direlolin keken dutse har zuwa mai 9. Akwai 'yan tawaye biyu. Dura-Ace na kafin 1997 yana da nasa ninki. Sai Tiagra 4700, wanda shi ne ya fi cin kuɗin mutane: mai 10 ne, amma ninkin mai 11 yake amfani da shi. Shiftar 4700 ba ta zama da direlar Tiagra 4600 ko 105 samfurin 5700, duk da cewa dukansu masu 10 ne. Amma tana zama lafiya da direlar 105 mai 11 a kan kaset mai 10. GRX mai 10, kayan Shimano na hanyar tsakuwa, shi ma dangin 4700 ne.

Kayan CUES da Shimano ya fito da su a 2023 gidansu daban: jansu daban, tazarar kaset ɗinsu daban. Kada a cakuɗa shifta, direla ko kaset ɗinsu da na Claris, Sora ko Tiagra 4700.

Zan iya haɗa 105 da Ultegra ko Dura-Ace?

Ƙwarai, muddin zamaninsu ɗaya kuma adadinsu ɗaya. Shiftar 105 mai 11, direlar Ultegra mai 11, sarƙar Dura-Ace mai 11, duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Bambancinsu nauyi ne da irin ƙarfen da aka yi su da shi. Haka ajin SRAM, wato Apex, Rival, Force da Red. Dabarar da ta fi ita ce a kashe kuɗi a kan shifta, tunda ita hannu ke taɓawa kullum, a sayi kaset na ƙaramin aji, tunda shi cinyewa yake yi.

Direlar keken dutse za ta yi aiki a keken titi?

Wani lokaci, kuma hanya ce mai kyau ta samun giyar hawa a tsohon keke. In shiftarka Claris ce, ko Sora, ko tsohuwar mai 10 irin 105 samfurin 5700, direlar dutse ta Shimano mai 9 za ta yi aiki da ita, ta ba ka damar sa kaset mai kai wa haƙora 34 ko 36. Kula da kyau: mai 9 za ka nema, ko da kekenka mai 10 ne. Direlar dutse ta Shimano mai 10 zuwa sama ninkinta ya sauya, ba ta jin yaren shiftar titi.

A gidan SRAM, shiftar titi mai 10 da mai 11 suna aiki da direlar dutse mai 10. Ta dutse mai 11 da mai 12 ba sa yi.

Direlar gaba kuwa a bar kowa a gidansa, domin jan wayar titi da na dutse ba ɗaya ba ne.

Shimano, SRAM da Campagnolo: ina suke haɗuwa?

Shifta da direla su fito daga kamfani ɗaya. A sauran kayan akwai sarari. Kaset ɗin Shimano da na SRAM masu 8, 9, 10 da 11 suna musanya, tazararsu ta zo ɗaya ko kusan ɗaya, mazauninsu ma ɗaya. Campagnolo masu 9 da 10 tazararsu ta fi faɗi, ba sa zama da shiftar sauran. A mai 11 ne kamfanonin uku suka kusanci juna har taya mai kaset ɗin Campagnolo takan yi aiki a keken Shimano da ɗan gyara kaɗan.

Da aka zo mai 12 sai kowa ya ja tunga. Campagnolo ya fara a 2018, SRAM ya biyo da tsarinsa na lantarki mai suna AXS a 2019, Shimano a 2021. Sarƙar SRAM ta titi, Flattop, 'yan gangunan cikinta sun fi na kowa girma, don haka ita da kaset ɗinta da farantanta tare suke tafiya. A mai 12 shawarata ita ce sarƙa, kaset da faranti su zama na tsari ɗaya.

Akwai 'yar na'ura mai kama da ƙaramar taya, irin ShiftMate ta Jtek, da ake sa wa waya don ta sauya tsayin ja, ta sasanta shiftar wani kamfani da direlar wani. Tana aiki in an zaɓi lambar da ta dace. Akwai kuma tsohuwar shifta marar ƙas-ƙas, wadda hannunka ne ke lalubo giya. Ita ba ruwanta da ninki, kusan kowace direla tana bi. Masu doguwar tafiya da yawa har yau ita suke so, kuma ban ga laifinsu ba.

Wane kaset ne mafi girma da direlata za ta ɗauka?

Lamba biyu za ka duba a bayanin direlar. Ta farko faifai mafi girma da za ta iya hawa. Ta biyu yawan sarƙar da ƙafarta, wato ɓangaren da ya sauko ƙasa mai 'yan tayoyi biyu, za ta iya naɗewa. Wannan ta biyun ana lissafa ta haka: bambancin farantai biyu, a tara da bambancin babban faifai da ƙarami. Faranti 50/34 ya ba da 16, kaset 11-32 ya ba da 21, jimla 37.

Direlar 105 samfurin R7000 mai gajeriyar ƙafa tana tsayawa a haƙora 30, tana naɗe 35. Mai doguwar ƙafa tana kai wa 34, tana naɗe 39, wato daidai 50/34 da 11-34. Sau da yawa ana iya haura iyakar da haƙora biyu ta hanyar murɗa notin da ke nesanta direla da kaset, amma wannan kasada ce da ta dogara da firam ɗinka. Ƙarfen da ake ƙarawa don sauko da direla ƙasa yana magance matsalar farko kaɗai. Ba ya ƙara tsawon ƙafa, kuma yakan rage kaifin sauyi a ƙananan faya-fayai.

In ka girmama kaset, ka sake sarƙa. Na taɓa ganin keken da aka sa wa kaset 34 aka bar masa sarƙar kaset 28. Mai shi ya manta ya shiga babban faranti da babban faifai a kan tudu, direlar ta tsinke ta faɗa cikin taya. Abin tausayi ne, kuma gaɓa huɗu na sarƙa da sun hana shi.

Sabon kaset zai hau tayata?

Fara tabbatar da cewa kaset ne. Tsofaffin kekuna da masu araha suna da firiwil, wanda ake murɗawa a kan tiredin hob. Kaset kuwa zura shi ake yi a kan mazauni mai tsaga-tsaga, a kulle da zobe. Ba sa musanya.

Mazaunin HG na Shimano na da yana ɗaukar mai 8, 9 da 10. Na titi mai 11 ya fi shi tsawo da milimita 1.85, don haka kaset mai 8, 9 ko 10 yana hawansa da washa mai wannan kaurin a baya. Akasin haka ba ya yiwuwa, sai a wurare kaɗan, ga ɗaya mai daɗi: kaset 11-34 mai 11 na Shimano an ƙera shi yadda babban faifansa ya lanƙwasa ta baya, yana hawa tsohon mazauni mai 10. Wannan ya ceci tayoyi masu yawa. Kaset ɗin titi na Shimano mai 12 ma yana hawa mazaunin mai 11, ba sai an sake taya ba.

Duk kaset ɗin SRAM mai farawa da haƙora 10 yana bukatar mazaunin XD ko XDR. XDR na titi ne, ya fi XD tsawo da milimita 1.85. Micro Spline na Shimano na kaset ɗin dutse mai 12 ne. Campagnolo yana da nasa mai zurfin tsaga, ga kuma mazaunin N3W da ya zo da kayansa na Ekar mai 13 a 2020. A hob da yawa ana iya cire mazaunin a sa wani, ka bincika kafin ka yanke hukuncin sayen taya.

Duba faɗin bayan firam ma: milimita 130 ga mai birkin rim, wato mai matse gefen taya, 135 ko 142 ga mai birkin faifai, 126 ga tsofaffi masu 6 da 7.

Sarƙa fa, ba duk ɗaya ba ce?

Tsawon gaɓa ɗaya ne a dukansu, rabin inci, wato milimita 12.7. Faɗi ne ya bambanta. Mai 8 ta ɗan haura milimita 7, kuma ita ke yi wa 6 da 7 aiki. Mai 9 kimanin 6.6, mai 10 kimanin 5.9, mai 11 kimanin 5.6, mai 12 kimanin 5.3. Sarƙa mai faɗi a matsattsen kaset tana gogar faifan da ke maƙwabtaka. Siririya da mataki ɗaya, kamar mai 11 a kaset mai 10, yawanci tana tafiya lafiya. Gaɓar haɗi ma kowane faɗi da tasa. Wasu sarƙoƙin Shimano suna da fuska, ɓangaren da ke da rubutu shi ke kallon waje.

Don auna tsawo, ɗora sarƙa a babban faranti da babban faifai ba tare da ta bi ta direla ba, inda bakunan suka haɗu ka ƙara gaɓa biyu, ka yanke.

Sarƙa tana miƙewa da amfani. A mai 11 da 12 a sauya ta in abin awo ya nuna kashi 0.5 cikin ɗari, a mai 10 zuwa ƙasa 0.75. In aka bar ta ta wuce haka, sai ta cinye haƙoran kaset, sabuwa kuma ta riƙa zamewa a kansu.

Zan iya sa kowane kiranki?

Tambaya biyu ce a ciki: kaurin sandar kiranki, da irin ramin firam. Sandar Hollowtech II ta Shimano milimita 24 ce. GXP ta SRAM 24 ce a dama, 22 a hagu. DUB 28.99, wasu kuma 30. Ramin firam ko dai mai tiredi ne, kamar na Ingila mai faɗin milimita 68, na Italiya mai 70, da T47, ko kuma na dannawa, kamar BB86, BB30 da PF30. Mazaunin kiranki shi ne ɗan tsakani, sai ka nemi wanda wajensa ya dace da firam, cikinsa ya dace da sanda. Kusan kowane haɗi akwai nasa, sai dai sanda mai 30 a ramin BB86 tana tilasta ƙananan boris da ba sa daɗewa. A na Ingila, ɓangaren dama tiredinsa a juye yake. Mutane da yawa sun lalata firam suna ɗaurewa alhali kwancewa suke nufi.

Kiranki na wani kamfani da shiftar wani ba matsala ba ce, in adadin ya zo ɗaya ko ya bambanta da mataki guda, ban da mai 12.

In sake farantai kawai mana?

Sai ka auna da'irar notocinsu. Mai milimita 130 ba ta ɗaukar ƙasa da haƙora 38, saboda haka ba za a mai da tsohon 53/39 ya koma 50/34 ba sai an sake kiranki. Mai 110 ita ke ɗaukar 34. Tun 2012 Shimano ya koma kiranki mai ƙafa huɗu marasa daidaiton tazara, waɗanda farantansu na musamman ne. Farantai biyun kuma ana ƙera su a matsayin tagwaye, ƙugiyoyin babban an jera su ne don ƙaramin da aka nufa.

Direlar gaba yawanci bambancin haƙora 16 take ɗauka. In ka rage girman faranti dole ta sauko har ta bar milimita 1 zuwa 3 a saman haƙora, kuma a wasu firam maƙalarta ba ta saukowa sosai. Direla mai ɗamara kuwa ka auna bututun firam da take kamawa: milimita 28.6, 31.8 ko 34.9. Kiranki na GRX ya fita waje da milimita 2.5, direlar gaban GRX yake so.

Giyar lantarki ta kawar da wannan duka?

Ta kawar da rigimar waya, ta kawo ta manhaja. Di2 na Shimano ya shigo kekunan titi a 2009, EPS na Campagnolo ya biyo baya, sai eTap na SRAM marar waya. Babu wanda ke magana da na wani kamfani. Direlolin Di2 masu 11 da masu 12 ba sa haɗuwa, wayoyinsu ma kauri daban. Inda abin ya yi daɗi shi ne AXS: shiftar titi tana sarrafa direlar dutse ta SRAM mai suna Eagle AXS, sai a sa kaset 10-52 da sarƙar Eagle da faranti guda.

Sauya shifta zai shafi birki?

Zai shafa, tunda jikinsu ɗaya. Shiftar da aka yi don birkin waya ba ta tuƙa birki mai ruwa. A masu ruwa, Shimano da Campagnolo man ma'adini suke sha, birkin titi na SRAM kuwa ruwan DOT. In aka zuba na wani a wani, robobin ciki za su kumbura, birki ya mutu. Hannun birkin titi kuma gajeren ja gare shi, ba ya riƙe birkin V na keken dutse yadda ya kamata. Wannan fanni rai ne a ciki, ba a gwaji da shi.

Faranti ɗaya ya isa?

Ga mai bin hanyar tsakuwa ko mai son sauƙin kula, ya isa. Faranti 42 da kaset 11-42 ya ba ka giyar hawa ɗaya bisa ɗaya, da ta gudu 3.8. Ana bukatar faranti mai haƙora kauri da siriri a jere, da direla mai riƙe sarƙa kada ta yi tsalle. A kan kwalta cikin ayari kuwa giɓin da ke tsakanin giya yana damun mutum, ni na fi son biyu a can.

Komai ya dace a takarda, amma giya na tsalle. Me ya faru?

Kafin ka zargi kayan, duba marataya, ɗan ƙarfen da direla ke rataye a jikinsa. An yi shi da taushi da gangan don ya lanƙwashe a madadin firam, kuma faɗuwa ɗaya ta ɓangaren dama ta isa. In giya ta zauna a rabin kaset ta ƙi a ɗaya rabin, sau da yawa shi ne. Bayan shi sai tsohuwar waya da rigarta, musamman inda take tsinkewa a cikin shifta. Sai wayar da aka ɗaure ta gefen noti da ba nata ba, wanda ke sauya ninkin direla. Sai washar da aka manta, kaset yana girgiza. In kuma sabuwar sarƙa ce ke zamewa a faifai biyu ko uku da ka fi amfani da su lokacin da ka taka da ƙarfi, kaset ɗin ne ya cinye.

Kekena mai 9 ne. In koma 11 ko 12?

Lissafa abin da zai tafi: shifta biyu, direla biyu, kaset, sarƙa, wataƙila kiranki, wataƙila mazaunin kaset. In kuma tsarin da kake so da birki mai ruwa kaɗai yake zuwa, firam mai birkin rim ba zai karɓe shi ba. Abin da za ka samu shi ne giya biyu ko uku a tsakiya, ba lallai sauƙin hawa ya ƙaru ba. In tudu ne damuwarka, kaset 11-34 mai 9, direla mai doguwar ƙafa, sabuwar sarƙa da sabbin wayoyi za su sauya maka keken fiye da yadda kake zato. In shifta ce ta mutu kuma taya tana karɓa, to a lokacin hawa zuwa 11 yana da ma'ana.

Ko wanne ka zaɓa, ka juya keken ka rubuta lambobin da ke jikin kayan, domin sunan aji kaɗai ba ya isa. A kayan Shimano, ST na shifta ne kuma yana ƙarƙashin robar hannu, RD yana bayan direlar baya, FD na gaba, FC yana cikin hannun kiranki kusa da ramin feda tare da tsawonsa, CS yana kan zoben kaset. Da waɗannan lambobi za ka shiga jadawalin dacewa da kamfanin ke wallafawa, ka ga ko RD-4600 ce a kekenka ko RD-4700, kafin ka sayi shiftar da za ta tuƙa ta.